Zauren Baba ya zama ajin kwamfuta: rubutun aiki daga Garwa

Asabar, 7 ga Oktoba 2023

Yau muka share zauren marigayi Baba. Tun rasuwarsa babu mai zama a ciki sai buhunan masara da tsohon kekensa. Na ƙudurta zan riƙa rubuta duk motsin da muka yi, don waɗanda suka zuba kuɗinsu su san inda ya shiga, don kuma malamai 'yan'uwana na Marwa da Gaundare da suka ce in riƙa ba su labari.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a nan Garwa, a arewacin Kamaru. Makonni uku da suka wuce na shiga aji na tarar ba a goge allo ba. An zana linzamin kwamfuta da alli, ƙato kamar ƙwarya, an ja kibiya zuwa maɓallin dama da na hagu, an rubuta sunayensu da Faransanci. Yara sun kwafe shi tsaf a littattafansu, wasu har da launi. Na ce duk wanda ya taɓa riƙe wannan abu a hannunsa ya ɗaga yatsa. Ajin ya haura mutum saba'in, hannu shida na ƙirga. Ban ga laifin malaminsu ba. Darasin yana cikin tsarin karatu, yana fitowa a jarrabawa, shi kuwa alli kawai aka miƙa masa. Amma abin ya tsaya min a rai har na kasa barci daren nan.

Abin da muke da shi: kwamfutocin cinya shida. Ɗaya tawa, ɗaya ta ƙanena, irin waɗanda gwamnati ta fara raba wa ɗaliban jami'a a ƙarshen 2017 cikin shirin nan na kwamfuta 500,000, lokacin yana Jami'ar Marwa. Uku na hannu ne, mun saya wurin wani mai gyara a babbar kasuwa. Ta shida wani Alhaji mai fataucin albasa ya aiko da ita, ya ce ɗansa ya bar ta a ɗaki tana cin ƙura. Allah ya saka masa da alheri.

Asabar, 21 ga Oktoba 2023

Maganar wuta ta cinye mana mako biyu. Wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda aka gama a 1982 a kan Binuwai, mai ƙarfin megawat 72 idan ruwa ya cika. Duk ɗan garin nan ya san in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Gider da Marwa sun kawo sauƙi, amma ba zan tara 'ya'yan mutane in zaunar da su gaban baƙin gilashi ba. Muka ce sola.

Ni da ƙanena muka yi lissafin a bayan takardar siminti. Kwamfuta shida, kowace kamar wat 40, ya kama 240. In aka haɗa da fanka da ƙwan fitila, a ce 300. Muka sayi faifan sola biyu masu wat 300 kowanne, da batir ɗaya mai amfiya 200. Mai haɗa mana ya ja kunnena cewa kada a zuƙe batirin ya wuce rabi in ana so ya yi ƙarko, wato kusan awa huɗu ke nan in babu rana. Da rana za mu riƙa karatu, don haka ya ishe mu. Duk da waya da kuɗin aiki, jika 410 suka tafi. Ga masu karatu daga Najeriya, jika ɗaya sefa dubu ce. Rabin kuɗin daga jama'ar masallacinmu ya fito, bayan Liman ya yi magana ranar Juma'a.

Asabar, 4 ga Nuwamba 2023

Ranar farko. Yara goma sha takwas, uku-uku a kan kowace kwamfuta.

Da aka kunna, abin da kusan kowa ya fara yi shi ne kai yatsa kan gilashin yana shafawa, yadda ake yi wa waya. Ba ta motsa ba. Wani yaro ya ɗaga linzamin sama yana nuna gilashin da shi kamar rimot ɗin talabijin. Na kusa da shi ya riƙe nasa da yatsa biyu, a tsorace, ka ce kunama aka ba shi. Wannan na biyun na san shi, maki 17 cikin 20 ya ci a gwajin darasin kwamfuta na makarantarsu. Yana iya jero maka sunayen kayan cikin na'urar ba tuntuɓe, amma hannunsa rawa yake yi, kibiyar tana ta gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na ɗora hannuna a kan nasa, muka ja tare a hankali har ta tsaya inda muke so. Na ji gumi a bayan hannunsa.

Wurin danna maɓalli sau biyu muka maƙale. Na faɗa da Faransanci yadda yake a littafinsu, suka yi tsuru-tsuru, kowa na dannawa ɗaya, ya huta, ya sake ɗaya. Sai na ce, “Ƙwanƙwasa sau biyu da sauri, kamar ka zo ƙofar gidan da ka saba.” Nan take tagogi suka fara buɗewa, zaure ya kaure da ihu. Akwai yara biyu da Hausarsu ba ta nuna ba, wani ya maimaita musu da Fulatanci, su ma suka samu. Na yanke cewa a zauren nan bayani da harshen gida za a fara shi, sannan a kawo kalmar Faransanci a ɗora, tunda ita za su tarar a takardar jarrabawa.

Asabar, 18 ga Nuwamba 2023

Koyon buga haruffa kawai, mako biyu ke nan. Ba daɗi, yara na ƙosawa, biyu sun daina zuwa. Ba zan tsallake shi ba.

Asabar, 2 ga Disamba 2023

Kuɗin data ba zai bar mu mu jona kwamfuta shida da intanet ba, kuma ko da akwai, na san inda yara za su nufa da zarar na juya baya. Ƙanena ya kawo mafita. Wata 'yar na'ura ce, Raspberry Pi, ba ta fi tafin hannu ba, daga Ingila asalinta. Ya sa mata manhajar Kiwix mai ba da damar karanta shafuka ba tare da intanet ba, ya zuba Wikipedia ta Faransanci da ta Hausa, da Vikidia wadda aka rubuta domin yara. Tana watsa waifai iya zauren, kwamfutocin na kamawa, ba a taɓa ko dala ta data ba. Ya kwana biyu yana sauke kayan a wurin aikinsa kafin ya kawo.

Na tuna watan Maris na 2020, da aka rufe makarantu saboda korona aka mai da darussa gidan talabijin na CRTV. Ƙoƙari ne, amma a layinmu gida nawa ne ke da talabijin da wuta da shiru a lokaci guda? Ɗalibaina da yawa sun dawo kamar ba su taɓa ganin lissafi ba. Tun lokacin na daina yarda da duk wani tsarin da sai komai ya daidaita kafin ɗan talaka ya amfana.

Na ce kowa ya nemo garinsu. Wanda kakanninsa suka zo daga Kano ya samu shafi mai tsawo, ya yi ta murna. Da suka nemi unguwanninmu da ƙauyukan da ke kewaye da Hausa, abin da suka tarar kaɗan ne ƙwarai. Wata yarinya ta ce, “Malam, to wa zai rubuta namu?” Na ce ta riƙe tambayar, za mu dawo kanta.

Laraba, 27 ga Disamba 2023

Cikin goma sha shida da suka rage, mata uku ne kacal. Na yi ta cigiya a unguwa, ana ce min to, ba a aikowa. Inna ce ta warware min da daddare ina cin tuwo. Ta ce, “Kai ma dai ɗan nan, wace uwa ce za ta aiko 'yarta budurwa zaure cikin samari? Ka ba su ranarsu. Ni zan shimfiɗa tabarmata a bakin ƙofa.”

Laraba makarantu kan tashi da wuri, sai muka ba su yammacin Laraba. Wata malama abokiyar aikina ta yarda za ta riƙa zuwa. Yau mata goma sha ɗaya suka zo, Inna na bakin ƙofa da carbinta tana amsa gaisuwar iyaye. Wata uwa ta fito min fili: yinin da 'yarta ta zo nan, tallan ƙuli-ƙuli ya kwanta, kuma da shi ake cefane. Na roƙe ta wata biyu, in ba ta ga amfani ba ta janye ta.

Asabar, 20 ga Janairu 2024

Hazo ya sauka sosai. Ƙura ta shiga ko'ina, kwamfuta biyu sun fara gurnani. Mai gyara ya buɗe ɗaya a gaban yara, ya zaro dunƙulen ƙura daga fankarta kamar audugar da aka tsoma a toka. Na bar su suka kewaye shi, ya nuna musu ma'ajiya da ƙwaƙwalwar da suka haddace sunayensu. Inna ta ɗinka wa kowace riga da ragowar atamfa.

Asabar, 3 ga Fabrairu 2024

Madannanmu irin na Faransa ne, masu farawa da AZERTY. Suna da duk wasullan Faransanci masu hula, amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Yaro ya so ya rubuta ƙasa sai ta fito kasa, ɗaki ya zama daki. Masu Fulatanci su ma suna neman ɓ da ɗ da ƴ da ŋ. Da yake Linux muka sa wa kwamfutocin, wato babbar manhajar da ke tafiyar da su wadda ake iya gyara ta yadda ake so, ƙanena ya gyara tsarin madannan: ka danne maɓallin AltGr ka buga k, sai ƙ ta fito, haka sauran. Muka liƙa 'yan takardu a kan maɓallan.

Abin da ya fi ba ni mamaki, yawancinsu ba su taɓa rubuta Hausa da ƙa'ida ba. Suna magana da ita tun suna goye, suna rubuta ta a WhatsApp yadda ta zo, amma makaranta da Faransanci take, ga Turanci a gefe. Aikin watan nan: kowa ya je wurin tsoho ko tsohuwar gidansu ya tambayo yadda zuriyarsu ta zo Garwa, ya buga shafi ɗaya. Wannan ce amsar tambayar yarinyar nan.

Laraba, 21 ga Fabrairu 2024

Yau sai na tsawaita.

Mako uku da suka wuce muka fara jadawalin lissafi a LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi ta kwamfuta. Maimakon misalan littafi, na ce kowace ta kawo lissafin wata sana'a ta gidansu. 'Yar mai ƙuli-ƙulin nan, wadda ke ajin masu BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ta kawo na mahaifiyarta: kuɗin gyaɗa, kuɗin niƙa, itace, leda, kwalaben mai, abin da aka sayar hannu da hannu, da abin da aka ɗauka bashi. Kullum da dare takan zauna da uwar ta rubuta a takarda, ranar Laraba ta shigar. Ta koyi rubuta SOMME ta ja layi, jimla ta fito da kanta. Ranar da ta gano in ta sauya kuɗin mudun gyaɗa a gida ɗaya duk lissafin ƙasa yana sauyawa, sai da ta sauya shi sau goma tana kallo.

Uwar ta daɗe tana kukan sana'ar ba riba, gyaɗa ta yi tsada. Jadawalin ya nuna akwai riba. Sai dai bashin da ke hannun mutane na mako ukun ya fi ribar duka yawa. Yarinyar ta fitar da shi kashi cikin ɗari da kanta, lissafin da na sani sarai ta faɗi a kansa a zangon farko.

Yau bayan la'asar uwar ta yi sallama, ta gaisa da Inna, ta shigo da mayafinta ta tsaya bayan 'yarta. Ba ta karatun boko. Yarinyar ta riƙa bin layi da yatsa mai lalle tana karanto mata sunaye da abin da ake bin kowa, a hankali don kada sauran su ji. Matar ta yi shiru, tana gyaɗa kai a kan kowane suna. Da aka kai ƙarshe ta ce, “Malam, ashe ba gyaɗa ce ta cinye ni ba, mutane ne suka riƙe min.” Na ce, “Hajiya, 'yarku ce ta gano, ni ban taɓa ba.” Ta dafa kan yarinyar ta ce Allah ya yi mata albarka. Maganar wata biyu ba ta sake tasowa ba, kuma ta ce ƙanwar ma za ta fara zuwa.

Mutane kan tambaye ni ko yaran nan za su samu aikin ofis da abin da nake koya musu. Wasu za su samu in Allah ya so, ga Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 a ƙofar gida. Amma mafi yawansu a kasuwa da gona da shagon ɗinki za su ci abinci, kamar iyayensu, kuma can ɗin ma lissafi da rubutu da kuɗin waya sun riga sun isa. Su nake tunawa in ina shirya darasi.

Asabar, 2 ga Maris 2024

Wani babban ɗalibi mai shirin Probatoire, jarrabawar da ake yi shekara ɗaya kafin gama sakandare, ya kawo min aikin lissafi tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Na ce ya yi min bayanin yadda aka tashi daga layi na biyu zuwa na uku. Ya sunkuyar da kai. Daga baya ya ce a wayar yayansa ya tambayi ɗaya daga cikin manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira.

Ban yi masa faɗa ba. Na kunna data a wayata na tara su duka. Muka ba ta lissafin, ta warware, muka zana shi a GeoGebra, manhajar zanen lissafi, muka ga amsar daidai ce. Sannan na ce su tambaye ta da Hausa unguwannin Garwa da tarihinsu. Ta zubo Hausa mai santsi, ta ambaci wasu na gaskiya, ta cakuɗa da sunayen da babu wanda ya taɓa ji cikinmu, duk da murya ɗaya ta wanda ya tabbata. Suka yi dariya, sannan suka yi tsit. Yaron ya ce, “Malam, to da a kan garin da ban sani ba ne fa?”

Hana su ba zai yiwu ba, tana aljihun yayyensu, kuma tana da amfani. Na tuna musu abin da suka sani daga makarantar Islamiyya: ba a karɓar hadisi sai an tambayi wa ya ruwaito, daga wa ya ji. Dokar zaure daga yau, ka tambayi na'ura in kana so, amma duk abin da ka kawo sai ka iya warware shi da hannunka a allo, ko ka nuna wani wurin da ya tabbatar da shi.

Asabar, 16 ga Maris 2024

Azumi ya kama, zafi ya haura digiri 40, kwamfutoci na kashe kansu da rana tsaka. Mun mai da karatu ƙarfe bakwai na safe.

Shekaranjiya Alhamis wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashe da dama suka shiga matsala, har da mu. Mutane na ta ɗaga waya sama suna neman saƙo ya wuce. A zaure ba abin da ya tsaya, tunda 'yar na'urarmu ba ta buƙatar intanet.

Asabar, 13 ga Afrilu 2024

Barkanmu da Sallah. Tun watan Janairu akwai wani almajiri daga tsangayar bayan gidanmu da ke tsayawa a taga, robarsa a hammata. Na je na durƙusa gaban malaminsu na nemi izini. Ya ce, “In ba zai taɓa masa karatun safe da na dare ba, ga shi nan.” Na ce, “Allah gafarta Malam, ba zai taɓa ba.”

Bai san baƙaƙen boko ba, amma in ka ga rubutunsa a allo da tawada sai ka tsaya kallo. Na juya masa madannai zuwa haruffan Larabci. Ya daɗe yana nema ɗaya-ɗaya har ya haɗa sunansa da na garinsu. Can ya kira ni, fuska a ɗaure: “Malam, na'urar nan ta yi kuskure. Na nemi fa ta ba ni ƙaf.” Gaskiyarsa. A rubutun da ya koya, irin na Warshu, ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya a sama. Na gilashin rubutun gabas ne, fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Na yi masa bayani, ya karɓa, amma ya ce nasu ya fi kyau. 'Yan boko suka kewaye shi suna roƙo ya rubuta musu sunayensu, shi kuma ya ce su nuna masa nasu baƙaƙen. Yanzu ya kai harafi goma sha biyu.

Asabar, 11 ga Mayu 2024

Mako mara daɗi. Kwamfutar Alhaji ta mutu, mai gyara ya ce gyaranta ya fi kuɗinta. Saura biyar.

Wanda ya fi min ciwo, yaron nan mai rawar hannu a ranar farko ya daina zuwa. Shi ya fi kowa nisa a Scratch, manhajar da yara ke koyon tsara wa kwamfuta umarni da ita. Ya haɗa wani wasa na akuya da ke tsallake kwata, in ta faɗa a rage maki, kuma da kansa ya gano inda umarninsa ya karkace ya gyara. Mahaifinsa ya haɗa shi da motar albasa mai zuwa Yawunde. Na same shi a rumfarsa bayan magariba, na gaishe shi, na faɗi abin da na gani a wurin yaron. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, “Malam, na san alheri kake nufi. Amma bakuna tara nake ciyarwa, kuma ƙafata ta daina ɗaukar tafiya.” Ban sami abin cewa ba, don ba ƙarya ya yi ba. Na ce, “Baffa, in ya dawo tsakanin lodi da lodi, ku bar shi ya leƙo.” Ya ce in sha Allahu. Na sa wa yaron wasansa a filashi na aika masa.

Asabar, 8 ga Yuni 2024

Masu jarrabawa sun ɗauke ƙafa tun tsakiyar Mayu don bita, na kuma goyi bayan haka. Shafukan tarihin zuriya sun kai goma sha tara. Akwai na wadda kakanta ya zo da fataucin goro, akwai na wanda kakansa ya yada zango a nan kan hanyarsa ta zuwa Makka a ƙasa, bai ƙarasa ba. Malama tana gyara musu rubutu, mun yi niyyar buga su a takarda kowane gida ya samu kwafi.

Hutu ya matso, iyaye sun kawo sunayen yara arba'in da uku, kwamfuta biyar. Ni kaɗai ba zan iya ba. Na zaɓi huɗu daga cikin na farko, mata biyu maza biyu, su za su koyar da sababbi linzami da buga haruffa, ni in riƙa zagayawa. 'Yar mai ƙuli-ƙuli na cikinsu, ta riga ta tsara jadawalin wa zai zo wace rana.

Ruwan daren Talata ya nuna mana rufin zaure na yoyo daidai kan teburin tsakiya. Allah ya taimaka rigunan Inna na kan kwamfutocin, kuma na ji saukar ruwan na fito na kwashe su. Kafinta zai zo Litinin ya duba, ya ce a tanadi kwano shida da ƙusa. A asusu jika 23 suka rage.